Gidan Harsashi: Na Ƙarfe, Na Alminiyam Ko Na Roba, Kuma Mai Cin Nawa?

A ƙarshen watan jiya ɗan yayana, wanda bai daɗe da samun lasisin bindigar wasan harbi ba, ya same ni a gida a nan Jidda bayan sallar isha'i, yana riƙe da waya cike da hotunan gidajen harsashi iri-iri. Ya ce, "Baffa, wanne zan saya, mai cin biyar ko mai cin ashirin da biyar? Kuma da gaske ne wai na roba ba ya ƙarko?" Na ce masa ya zauna, domin tambayar tasa ta fi ƙarfin amsar tsaye. Abin da muka tattauna a daren nan shi nake so in shimfiɗa a rubuce, saboda na lura cewa matasanmu na Makka da Jidda da Madina da suka shiga harkar harbi suna kashe kuɗi mai yawa a kan bindiga da madubin hange, sannan idan an zo kan gidan harsashi, wanda mutanen ƙasar nan ke kira makhzan, sai su ɗauki duk wanda ya fi araha ko wanda ya fi tsawo. Alhali kuwa a iya shekarun da na yi ina zuwa filin harbi, mafi yawan lokutan da na ga bindiga ta cije a hannun mai ita, idan aka bi diddigi sai a tarar laifin na wannan ɗan akwati ne.

Kafin a shiga maganar ƙarfe da roba, akwai maganar hukuma, kuma ita ce kan gaba. Dokar makamai da harsasai ta Saudiyya, wadda aka fitar a shekarar 1426 ta Hijira, daidai da 2005, ta rarrabe tsakanin makaman yaƙi, da bindigogin ɗaiɗaikun mutane, da na farauta, da na atisaye da bindigogin iska, kuma Ma'aikatar Cikin Gida ce ke ba da lasisi, yanzu ma ta manhajar Absher ake bin yawancin matakan. Farauta kuma tana ƙarƙashin Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa, wadda ke ba da izini ta dandalin Fitri, kuma a 'yan shekarun nan lokacin farauta yakan fara daga farkon Satumba ya ƙare a ƙarshen Janairu. A sanarwar da cibiyar ke fitarwa, bindigar iska mai lasisi da sunan mai riƙe da ita ce aka yarda a yi farautar tsuntsaye da ita, wato wadda ake kira saktun, ba shozan mai watsa ƙwayoyi ba. Mu da muka tashi a gefen Harami kuwa ba sai an tuna mana ba cewa farauta a cikin iyakokinsa haramun ce ko da wane irin makami. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan na mai lasisi ne, wanda ke harbin allo a kulob ko yake fita daji da izini a aljihunsa, kuma wanda ke sayen kayansa a wurin dillali mai rajista, kamar waɗanda ke baje kolinsu duk shekara a bikin baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad.

Gidan harsashi abu ne mai sauƙin gini, kuma sauƙin nan ne ke sa a raina shi. Akwai gangar jiki, akwai sifirin a ciki, akwai matokari wanda sifirin ke turawa sama harsasai kuma suna kwance a kansa, akwai murfin gindi, sannan akwai leɓɓa biyu a baki waɗanda ke riƙe harsashin da ke sama har sai sakatar bindiga ta zo ta ture shi gaba zuwa mazauninsa. Tun daga 1879, lokacin da James Paris Lee ya yi rajistar fasahar akwatin harsashi da ake cirewa a mayar, tsarin bai canza sosai ba. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, aikin duka yana rataye ne a kan leɓɓan nan biyu. Su ne ke ƙayyade tsayin da harsashi zai tsaya, da kusurwar da hancinsa zai fuskanta, da daidai lokacin da za a sake shi. Idan suka buɗe da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba, harsashi zai ɗaga kai da wuri ya kauce wa ƙofa, ko biyu su fito tare su sarƙe. Idan kuma suka matse, sakata za ta bi ta kansa ta wuce, ko ta kankare kwanso. Don haka idan ana kwatanta ƙarfe da alminiyam da roba, ainihin tambayar ita ce: wanne ne zai riƙe siffar leɓɓansa a irin yanayin da kake zaune da irin riƙon da kake yi wa kayanka?

Na ƙarfe shi ne wanda iyayenmu suka sani, kuma har yau dattawan kulob ba sa yarda da wani. Hujjarsu tana da ƙarfi. Ƙarfe yana da tauri ko da bangonsa siriri ne, leɓɓansa ba sa cinyewa da wuri duk yawan gogar kwanson tagulla, zafin rana ba ya yi masa komai, kuma idan leɓe ya ɗan karkace, gwanin gyaran bindiga yana iya daidaita shi. Sirantar bangon tana da wani amfani da masu harbin nesa suka san darajarsa. A gidajen harsashi na tsarin AICS, wanda kamfanin Accuracy International na Ingila ya ƙirƙiro kuma kamfanoni da yawa suka bi, na ƙarfe yana barin fili a ciki fiye da na roba, domin roba sai an yi mata kauri kafin ta yi ƙarfi. Harsashin .308 na masana'anta, wani nau'in babban harsashi na farauta da harbin nesa, tsawonsa bai wuce milimita 71 da 'yan kai ba, kuma wannan yana shiga kowanne daga cikinsu, amma harsashin da ya ɗan fi haka tsawo sau da yawa sai na ƙarfe ke karɓarsa.

Aibin ƙarfe biyu ne, kuma dukansu sun shafe mu. Na farko tsatsa. Wanda ke zaune a Riyad ko Ƙasim, inda iska ke bushe, zai iya yin shekaru bai ga jan ɗigo a kayansa ba, amma mu da ke bakin Bahar Maliya mun san yadda danshin Jidda da gishirin da ke cikin iskarta suke cin ƙarfe. Na taɓa barin gidan harsashi na ƙarfe mai cin biyar a cikin jakar zane bayan na dawo daga fili da gumi a hannuna, ban waiwaye shi ba sai bayan kusan wata biyu. Daga waje ba a ga komai sai 'yan tabo inda yatsuna suka taɓa, amma da na zare murfin gindi sai na tarar da sifirin ya yi ja kamar an barbaɗa masa garin barkono, bangon ciki kuma ya yi kaushi har matokari yana tsayawa a hanya. Fita daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa zafin waje ma tana sa ƙarfe ya yi raɓa nan take, kamar yadda tabarau ke yi. Aibi na biyu ya fi wannan haɗari a ganina, wato ƙarfe yana ɓoye rauninsa. Idan ya faɗi a kan siminti ta baki, leɓe yakan lanƙwashe kaɗan ya zauna a haka, ido ba zai gani ba, sai dai bindiga ta fara cijewa jefi-jefi, mai ita ya yi ta zargin harsashi ko ya kai bindigar gyara a banza. Sai kuma nauyi, wanda ga mai harbi daga kan teburi ba komai ba ne, ga mai yawo a ƙafa kuwa abin lissafi ne.

Na alminiyam ba zan daɗe a kansa ba, domin a bindigogin da galibinmu ke riƙewa ba shi da yawa. Sunansa ya fito ne daga bindigar M16 ta sojan Amurka, wadda ta fara da gida mai cin ashirin kafin a koma mai cin talatin, kuma an ƙera shi ne don ya zama marar nauyi, mai araha, wanda idan ya lalace za a jefar a ɗauki wani. Ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, kuma ya fi kowanne sauƙin ɗauka. Amma yana lotsawa da ƙaramin bugu, lotsawar kuma tana matse hanyar matokari, sannan leɓɓansa suna buɗewa a hankali da yawan aiki, kuma alminiyam da ya lanƙwashe idan aka mayar da shi ba ya komawa da ƙarfinsa na da. Wannan ya sa nake gargaɗin kowa game da sayen na hannu: tsohon gidan alminiyam da fentinsa ya koɗe a baki har farin ƙarfen ya fito, ya riga ya ci rabonsa na aiki. Alminiyam da aka sassaƙa daga dunƙule, irin wanda ake yi wa bindigogin iska masu tsada, wani abu ne daban.

Roba ita ce ake yi wa mummunar fahimta, saboda da an ce roba sai tunanin mutum ya tafi kan bokiti da kujerar biki. Robar da ake yin gidan harsashi na kirki da ita nailan ce da aka cakuɗa da zaren gilashi, kuma ba sabon abu ba ce. Tarayyar Sobiyet ta fara yi wa bindigoginta gidaje na wani irin danƙo mai zaren gilashi tun a shekarun 1960, bindigar Steyr AUG ta Ostiriya ta fito a ƙarshen shekarun 1970 da gida na roba mai nuna abin da ke ciki, kamfanin Magpul na Amurka ya fito da nasa gidan na roba mai suna PMAG a 2007, kuma a ƙarshen 2016 rundunar sojan ruwa ta Marin ta Amurka ta amince da samfurinsa na uku a hukumance. A ɓangaren farauta ma, bindigogin Tikka na Finlan da robar suke zuwa daga masana'anta, kuma mafarauta a ƙasashe masu tsananin sanyi sun daɗe suna aiki da su. Na kawo waɗannan ne don a san cewa zancen wai roba ba ta ƙarko ya daɗe da tsufa, in dai robar ta gidan kirki ce.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne ba ta munafunci. Idan ta faɗi, ko dai ta lanƙwashe ta koma yadda take, ko ta tsage ka gani da idonka ka jefar. Ba ta tsatsa, sai dai sifirin da ke cikinta wanda shi ƙarfe ne kuma yana bukatar dubawa. Ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar gidan ƙarfe da ya kwanta a rana a kan teburin fili da azahar ya san abin da nake nufi. Amma tana da nata iyakoki, kuma zafin ƙasar nan yana tona su. Mota da aka rufe a rana a watan Yuli ko Agusta, cikinta yakan zama tanda, kuma gidan roba da aka cika da harsasai aka bari a wurin, sifirin na tura leɓɓa daga ciki zafi kuma na tausasa su daga waje, yana iya buɗe baki a hankali. Robar kirki tana jure wannan ƙwarai, ta banza kuwa ba ta jurewa. Hasken rana na tsawon lokaci yana sa wasu robobi su bushe su yi gautsi, wasu magungunan wanke bindiga masu ƙarfi suna cin roba mai nuna ciki, haka ma maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana ɓata wasu robobi, abin da masu kwana a daji ya kamata su sani.

A nan ne bambancin asali da jabu ya fi fitowa. Gidan ƙarfe na jabu sau da yawa ana gane shi daga walda da kaifin baki, amma gidan roba na jabu yana iya kama da na asali kamar an tsaga kara, har da tambari, alhali robar da aka zuba ba ta da zaren da ke ba ta ƙarfi. Wani lokaci na sayi guda biyu marasa suna masu cin goma a wurin wani mai saye da sayarwa, saboda kuɗinsu bai kai rabin na asali ba. Ɗaya ya yi aiki na 'yan makonni kafin ɗan haƙorin da ke kama maƙalli ya cinye, har ya zama yana zamewa ƙasa kaɗan a duk harbi, sakata tana wucewa ba ta ɗauki komai ba. Ɗayan tun ranar farko harsashi na bakwai yake tsayawa da hanci a ƙasa. Araha ba ta ado, kuma a wannan harka ba ta ma kai mutum ƙarshen zagaye ɗaya na gasa. Akwai kuma masu haɗa biyun, jiki na roba leɓɓa na ƙarfe, kamar waɗanda kamfanin Lancer ke yi da kuma ɗan gidan Ruger 10/22 na asali. A ra'ayina wannan haɗi shi ne mafi hikima idan an same shi, domin an sa kowane abu a inda ya fi amfani.

Sai maganar yawan abin da gida ke ci, wadda ita ce ta fi jan hankalin matasa. Ƙa'idar da na gani ta tabbata ita ce, duk lokacin da gida ya ƙara tsawo, aikin sifirin yana ƙara wuya. Dole ya kasance da ƙarfin ɗaga dukan jerin harsasai da sauri lokacin da gidan ke cike, kuma ya rage masa ƙarfin tura na ƙarshe lokacin da ya kusa miƙewa gaba ɗaya. Shi ya sa matsala ta fi bayyana a harsashi na farko, inda matsi ya yi yawa har sakata ke wahalar turawa, da kuma na biyun ƙarshe, inda matsi ya yi kaɗan. A gida mai cin biyar, tazarar da ke tsakanin waɗannan halaye biyu ƙarama ce. A mai cin ashirin da biyar ko talatin babba ce. A mai siffar ganga da ke cin hamsin zuwa sama kuwa an ƙara wasu sassa masu juyawa, kuma kowane ƙarin sashe ƙarin wurin maƙalewar yashi ne. Ban taɓa ba wani shawarar sayen ganga ba.

Mai cin uku zuwa biyar shi ne na mafarauci da mai neman daidaito. Yakan shige cikin bindiga ya yi daidai da cikinta, ba ya kama tufafi ko reshe, ba ya hana ka kwantar da bindiga a kan jakar yashi, kuma yana barin hannu ya riƙe ta a daidai tsakiyar nauyinta. Ba banza ba bindigar Mauser ta 1898, wadda har yau ake kwaikwayon tsarinta, biyar take ci, kuma masu gasar gudun kan ƙanƙara da harbi a wasannin Olamfik gidaje masu cin biyar suke ɗauka. Masu gasar harbin mita 50 ma ɗaya bayan ɗaya suke sa harsashi da hannu. Mai cin goma shi ne matsakaici, kuma shi na fi so ga mai zuwa kulob: yana ba ka jeri biyu na harbi biyar-biyar ba tare da ka tashi daga kan bindiga ba, tsawonsa bai kai ya dame ka ba, kuma sifirinsa bai shiga wahala ba. Bindigar Lee-Enfield ta Ingila goma take ci tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma an shaide ta da santsin aiki. Mai cin ashirin zuwa sama yana da daɗi idan ana harbin gwangwani don nishaɗi, amma yana tokare ƙasa idan ka kwanta, yana canza nauyin bindiga yayin da yake ƙarewa, kuma yana koya wa sabon maharbi gaggawa. Harsashin .308 guda ɗaya ya kai kimanin giram 25, saboda haka ashirin sun kai rabin kilo kafin a haɗa da nauyin gidan kansa, ga kuma bututu da ke zafi idan aka jera harbi, wanda ke sa harsasai su fara watsuwa a kan allo.

Bindigar ɗan yayana CZ 457 ce, ta Jamhuriyar Cek, mai cin ƙaramin harsashin .22 LR, irin wadda ake kira kharraza a nan, kuma wannan harsashi yana da halinsa na daban da ya kamata a tsaya a kai. Gindin kwansonsa yana da geza da ta fi jikin faɗi, don haka idan aka jera su ba sa kwanciya a miƙe, jerin yakan lanƙwasa, shi ya sa dogayen gidajensa suke da siffar lauje. Wajen lodi dole gezar na sama ta zauna a gaban gezar na ƙasa. Idan ta faɗa bayanta, sai su kama juna, sakata ta tura ta kasa. Ƙari a kan haka, kan harsashin dalma ne da aka shafa wa wani irin kaki, kuma a zafinmu kakin nan yana narkewa ya shafe bangon gida, ƙura ta zo ta manne, a hankali ya zama wani baƙin danƙo mai rage gudun matokari. Duk tsawon gida, duk yawan bangon da wannan danƙo zai kama. CZ tana yin nata gidajen masu cin biyar da masu cin goma, akwai na roba akwai na ƙarfe, kuma na samfurin 455 yana shiga 457. Na yi aiki da iri biyun, ban ga wanda ya fi wani wajen tura harsashi ba. Bambancin da na gani shi ne na ƙarfe yana son shafa da kulawa a Jidda, na roba kuwa ba ruwansa.

Wanda ke da Ruger 10/22, bindigar da ta fito tun 1964, shi an riga an yi masa zaɓi mai kyau daga masana'anta. Ɗan gidanta mai cin goma ba jeri yake yi ba, juyawa yake kamar dabaran rijiya, kowane harsashi da ɗakinsa, saboda haka gezar wani ba ta samun damar kama ta wani, kuma yana shigewa ciki ya ɓace. Kamfanin yana da mai cin ashirin da biyar mai suna BX-25, kuma ya fi yawancin na wasu kamfanoni aminci, amma ko shi ban ga ya kai ƙaramin ba. Dogayen da wasu ke yi da leɓɓan roba zalla su ne suka fi saurin cinyewa.

Tunda saktun ce bindigar da mafi yawan masu fita daji za su riƙe, bai kamata a bar ta a baya ba. Bindigogin iska na zamani masu tulun iska suna amfani da ɗan faifai mai ramuka, kowane rami da ƙwayar dalma ɗaya, kuma iri biyu ne. Akwai wanda sifirin ke juya shi, yawanci na roba mai murfi mai nuna ciki, kamar na Benjamin Marauder da ke cin goma a awon milimita 4.5 da 5.5, takwas kuma a 6.35. Akwai kuma wanda bindigar ce da kanta ke juya shi duk lokacin da aka ja hannunta, kamar faifan ƙarfe na Weihrauch HW100 ta Jamus mai cin goma sha huɗu, wanda babu sifirin a cikinsa, zoben roba kawai ke riƙe ƙwayoyin. Na biyun ya fi jure ƙura saboda babu abin da zai maƙale a ciki, sai dai zoben robar yana bushewa a zafi kuma yana son a riƙa sauya shi. Na farkon ya fi sauƙin samu, amma sifirinsa yana danna ƙwaya a jikin bango, kuma bujen ƙwayar dalma, wato buɗaɗɗen gindinta, yana da laushi ƙwarai. Da ya ɗan lotsa, harbin ya kauce. Mai saye ya kuma duba zurfin ramin, domin ƙwayoyi masu nauyi sun fi tsawo kuma ba kowane faifai ke ɗaukarsu ba. Wanda ke son ya san ko faifansa na ɓata masa harbi, sai ya harba goma ta faifai, ya harba goma da hannu ɗaya-ɗaya a nisa guda, ya kwatanta allunan biyu.

Duk wanda aka saya, sai an gwada akan san na ƙwarai. Wani dattijo da muke harbi tare, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin, shi ya koya mini abin da nake yi har yau. Ya ga ina ta sauya gidaje ina ƙorafi, sai ya miƙo mini alƙalamin fenti ya ce, "Ɗana, sa wa kowanne lamba a gindi, in ba haka ba har abada ba za ka san wanne ne ɓarawon ba." Tun daga ranar kowane gida nawa yana da lamba, kuma ina da ɗan littafi a jaka inda nake rubuta lambar da ta cije da harsashi na nawa ne. Idan lamba ɗaya ta maimaita laifi sau uku, sauran kuma lafiya, an gano mai laifi. Idan duka suna yi, sai a koma kan bindiga ko harsashi. Sabon gida ina cika shi taf in harbe shi har ƙarshe sau da yawa da irin harsashin da zan riƙa amfani da shi, ina lura ko yana shiga da ƙara ɗaya mai tsabta, ko yana girgiza a mazauninsa, ko yana fita ba tare da an yi kokawa ba.

Wajen kulawa, kuskuren da na fi gani shi ne zuba mai a ciki. A ƙasar yashi mai a cikin gidan harsashi gayyatar matsala ce, domin yana kama ƙura ya zama kamar turɓaya mai danƙo, kuma yana iya shiga harsashi ya lalata shi. Ciki a bushe ake barinsa, a goge da tsumma da ɗan buroshi. Na ƙarfe kaɗai ake shafa wa mai kaɗan a waje da kan sifirin, a kuma goge har sai yatsa bai ji shi ba, sannan a ajiye shi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi. Sifirin na kirki yawan matsawa da sakewa ne ke gajiyar da shi fiye da zama a matse, amma duk da haka a gida ban ajiye komai da lodi, saboda yara da kuma ƙa'idar ajiya: bindiga a kulle wuri guda, harsasai a kulle wani wuri. Kuma duk wanda na koya wa harbi sai na maimaita masa cewa cire gidan harsashi ba ya nufin bindiga ta zama fanko, domin ɗaya yana iya kasancewa a mazauninsa. Sai an ja sakata baya, an duba da ido, an taɓa da yatsa.

Ɗan yayana ya tafi Malham da niyyar sayen dogo guda ɗaya, ya dawo da na CZ na asali guda uku: biyu na roba masu cin goma don kulob, da ɗaya na ƙarfe mai cin biyar wanda ya ce yana son jin nauyinsa a hannu, ban da na roba mai cin biyar da ya zo tare da bindigar. Ranar Asabar da ta wuce muka je fili tare, ya zauna ya rubuta musu lamba ɗaya zuwa huɗu da farin fenti kafin ya sa harsashi ko guda. Mai lamba uku ya ɗan yi tauri a harsashi na goma a lodi biyun farko, daga na uku kuma ya saki.